Daga Nima zuwa Cape Coast da Elmina a yini ɗaya: yadda ake shirya tafiyar

Karon farko da na ja ayarin 'yan unguwarmu daga Nima da ke Accra zuwa Cape Coast, ƙarfe shida muka yi alkawari, amma takwas saura kwata muka tashi. Wata Hajiya na jiran shinkafa da wakenta su nuna, wani saurayi ya koma gida ɗauko caja. Kafin mu fita daga Kasoa rana ta take. Ga shi kuma mun cusa dajin Kakum cikin shirin. Muka isa gidan bayi na Elmina, tsohon sansanin da Turawa suka riƙa tsare bayi, masu gadi na haramar rufe ƙofa, muka ɗauki hoto daga waje muka juyo. Tun daga ranar na gane abu biyu ke riƙe da wannan tafiya: agogo, da bakin wanda zai yi muku bayani. In ɗaya ya kuɓuce, kun ƙona mai ne kawai kun dawo da hotuna.

Ku fara da yanke abin da za ku bari

Tsakanin Accra da Cape Coast kusan kilomita 150 ne, Elmina kuma tana gaba da kamar kilomita 13. A takarda ba nisa. A kan titi kuwa ku ƙiyasta awa uku zuwa huɗu a tafiya, haka a dawowa. Abin da ya rage muku a can bai wuce awa bakwai ba, har da salla da cin abinci. Awa bakwai na ɗaukar gidan bayi na Cape Coast da gidan tarihin da ke cikinsa, da na Elmina, da hawa tudun St. Jago, da ɗan zagaye a wurin masunta. Ba ta ɗaukar Kakum. Matasa za su matsa, don kowa na son hoto a kan gadar igiyar nan da ke rataye a saman itatuwa. Ku ce musu taura biyu ba ta taunuwa, a sa wa Kakum ranarta daban. Haka ma Assin Manso, inda ake kai bayi wankan ƙarshe kafin a gangara da su bakin teku: tana kan hanyar Kumasi, ta fi dacewa da mutanen Aboabo da Asawase in sun taso daga can.

Rana

Juma'a ku manta da ita. Asabar ita ce ranar jana'iza a ƙasar Fanti, tituna kan cika da masu baƙi da jan tufa, amma in kun yi sammako kuna wucewa. Talata masunta ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Wanda ke son ganin jirage a jere cikin kwanciyar hankali, Talata ta yi masa. Wanda ke son ganin hayaniyar sauke kifi da ciniki ya zaɓi wata rana. Ni na fi son Laraba ko Alhamis lokacin hutun makaranta, in masu aiki za su samu dama.

Watan Yuni ruwa ya fi yawa a gaɓar teku. Talatar farko ta Yuli ake bikin Bakatue a Elmina, Asabar ɗin farko ta Satumba kuma Fetu Afahye a Cape Coast. Bukukuwa ne masu kyan kallo, amma wanda ya je da niyyar jin tarihi a natse ba zai samu ko wurin ajiye mota ba. Disamba baƙi daga Amurka kan cika wurin, musamman tun bayan Shekarar Komawa Gida ta 2019. Da azumi kuwa kada ku kai tsofaffi, zafin cikin kurkukun ba wasa ba ne.

Mota, kuɗi da ɗan jagora

In ku uku ne ko huɗu, ku je tashar Kaneshie ku shiga motar Cape Coast, ku ɗauki tasi daga can zuwa Elmina. Daga mutum goma zuwa sama, shatar mota ta fi. Ku je ku ga motar da idonku kwana biyu kafin tafiya, ku duba tayoyi da takardun inshora. Ku yi magana ƙarara da direba: wa ke sayen mai, ƙarfe nawa zai zo, kuma ba zai tsaya ɗaukar fasinja a hanya ba. Ku ba shi rabi, sauran sai an dawo.

Kamfanonin yawon buɗe ido ma na shirya irin wannan tafiya, su ɗauke ku daga Accra su dawo da ku. In da su za ku, ku nemi ganin lasisinsu na hukumar yawon buɗe ido ta Ghana, ku kuma tambaya ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da kuɗin shiga da abinci. A nan ake yawan samun saɓani.

Kuɗin shiga hawa-hawa ne: na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi da na yaro daban. Don haka kowa ya riƙo Ghana Card ɗinsa, ɗalibai su riƙo katin makaranta. In akwai ɗan'uwa da ya zo daga Kano ko Yamai, ku sanar da shi tun a gida cewa nasa zai fi naku, kada a tsaya jayayya a bakin taga. Farashi na canzawa, saboda haka ku tuntuɓi hukumar da ke kula da wuraren, wato GMMB, mako guda kafin ranar, ku faɗa musu yawanku. Mutum ɗaya ya zama ma'aji, a tura masa kuɗin ta waya, wato MoMo, a rufe karɓa kwana uku kafin tafiya. Wanda ya ce zai biya a cikin mota, yawanci shi ne wanda ba zai zo ba.

Sai maganar ɗan jagora, wadda ta fi komai. A gidajen biyu ba a barin mutum ya yi ta yawo cikin kurkuku shi kaɗai. Ana tara jama'a ne rukuni-rukuni, ma'aikacin wurin ya ja su, ya yi bayani da Turanci, wani lokaci da Fanti ko Twi. Iyayenmu mata da yawa za su bi shi suna gyaɗa kai, ba su tsinci komai ba. Maganin wannan shi ne ku zo da tafintanku. Ku zaɓi wanda Hausarsa ta nuna, mai murya, wanda ba ya jin nauyin dattawa, ku sa shi ya yi ɗan karatu a kan wuraren kafin ranar. Da kun isa, ku roƙi ma'aikacin ya riƙa dakatawa bayan kowace gaɓa don a fassara. In kun kai ashirin, ku nemi a ba ku naku ɗan jagoran, don kada baƙin da aka haɗa ku da su su ƙosa da jira. A ƙarshe ku yi masa ihsani, ya yi aiki ninki biyu.

Daren tafiya

Ruwan leda jaka biyu ko uku, tabarma biyu, buta, ledojin amai don yara, hula ko laima. Takalmi mara tsini, don daɓen kurkukun ba a miƙe yake ba, matakalan kuma sun lashe. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa maganinsa a aljihu, ba cikin jakar da za a bari a mota ba. Ku rubuta sunan kowa da lambar wani nasa a takarda. Abinci a dafa shi da dare.

Maganar ƙasaru ku tambayi malaminku tun a gida. Nisan ya wuce abin da malamai ke ƙiyastawa, amma gara a tashi da matsaya ɗaya da a tsaya muhawara a bakin titi rana na gudu.

Hanya

A yi Asuba a masallacin unguwa, mota na tsaye a ƙofa. Biyar da kwata ta tashi. Ku faɗa tun farko cewa ba za a jira kowa ba, ku kuma cika. Dalilin wannan tsanani shi ne cunkoson motoci a mahaɗar Mallam da garin Kasoa: in kun wuce su kafin shida, kun tsira, in kuwa bakwai ta same ku a can, kun yi asarar awa guda ko fiye. Tafinta ya fara aikinsa daga nan, ya tambayi yara ma'anar sunan garin. Kasoa dai kasuwa ce, kalmarmu ce ta zama sunan gari.

Bayan mahaɗar Winneba hanya kan saki. Ku tsaya sau ɗaya kawai, minti ashirin, a sha koko da ƙosai a kama ruwa. Mankessim ta dace da haka. Tsohuwar cibiyar Fanti ce, a nan sarakunansu suka ƙulla ƙawance a 1868, kuma a shataletalen garin za ku ga gumakan jagororinsu uku na farko. Da kun wuce Saltpond ku sa ido ta hagu. A Abandze, kan tudu, akwai kangon sansanin Amsterdam, wanda Ingilishi suka gina, Holan suka ƙwace a 1665. Daga sunan Kormantin da ke nan ne aka samo laƙabin Koromanti da ake kiran bayin wannan yanki da shi a Jamaika. Gaba kaɗan sai Anomabo da nata sansanin. Ba sai kun sauka ba. Abin da ake so yara su lura da shi shi ne yawan gidajen nan: kusan kowane gari a bakin tekun da nasa, Turawa ƙabila-ƙabila suna gasa kamar masu rumfuna a kasuwa ɗaya. A 1979 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya.

Cape Coast

Ku yi ƙoƙari ƙarfe tara ta same ku a ƙofa, ku shiga rukunin farko kafin rana ta yi zafi. A waje samari za su tare ku, su tambayi sunanka da fara'a, in ka fito ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar kodi ana jiran kuɗi. Ba faɗa ba ne, neman abinci ne. In ba ka so, kada ka ba da sunan.

Mutanen Suwidin suka fara gini a nan a 1653. Wurin ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka karɓe shi a 1664, ya zama hedikwatarsu, kuma garin ya ci gaba da zama babban birnin mulkinsu har 1877 da aka koma Accra. 'Yan garin Oguaa suke kiransa.

Ɗan jagora kan fara da kurkukun maza. Ana gangarawa ne ta wani rami mai duhu zuwa ɗakuna biyar, iska da haske ba sa shiga sai ta 'yan ƙananan kafofi can sama. Zai gaya muku mutum wajen dubu ake tarawa a ciki, su yi makonni, wani lokaci watanni, suna jiran jirgi. Zai nuna muku ƙasan da kuke takawa, ya ce ba daɓe ba ne zalla, abin da ya fita daga jikin mutane ne ya taru ya daskare. Wani lokaci yakan kashe fitila na ɗan lokaci. Ku gargaɗi masu tsoron duhu da masu asma tun kafin a shiga, su tsaya kusa da ƙofa. A ɗaki na ƙarshe akwai wurin tsafin mutanen garin, da furanni da baƙi ke ajiyewa. Ba a tilasta kowa yin komai. Ku tsaya da ladabi, ku wuce.

Da kun fito tafinta ya nuna sama: daidai kan kurkukun nan cocin Turawan yake. A tafiyarmu ta biyu wani dattijo ya ja hannuna a nan ya ce, "Kai yaro, suna jin kukansu kuwa?" Na ce, "Baba, ga ƙofar ramin nan a bakin cocin." Bai ƙara magana ba har muka fita.

Daga nan sai ɗakin da ake jefa waɗanda suka yi tawaye, ba taga, ba ruwa, ba abinci. Sai kurkukun mata, sai Ƙofar Ba Dawowa, wadda ta nan ake fitar da bayi zuwa jirgi. A tsakar gida akwai kaburbura, ciki har da na Gwamna George Maclean da matarsa, da na Philip Quaque, ɗan garin, baƙar fata na farko da cocin Ingila ta naɗa limami. A sama kuma ɗakunan gwamna, masu manyan tagogi, iskar teku na kaɗawa ta ko'ina. Ku bar mutane su ɗan tsaya a nan, don bambancin sama da ƙasa ba ya bukatar fassara.

In an buɗe Ƙofar Ba Dawowa, za ku faɗa cikin masunta suna gyaran taru, yara na wasa. Ku waiga ku dubi saman ƙofar ta waje, an rubuta Ƙofar Dawowa. A 1998 aka shigo ta nan da ƙasusuwan bayi biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka kai su Assin Manso aka binne. Akwai kuma allon da ke tuna zuwan Barack Obama da iyalinsa a 2009.

Wata magana ga matasa: za ku haɗu da baƙaƙen Amurka da na Karebiyan, wasu na kuka, wasu sun cire takalmi. A wurinsu ziyarar kabari ce. Ba wurin shewa da bidiyon TikTok ba ne. Ku faɗa wa yaranku wannan tun a mota.

Gidan tarihi

Yawancin ayari a nan suke kuskure. Sun fito daga kurkuku a gajiye, sai su leƙa gidan tarihin da ke bene minti biyar su fice. Ku ba shi minti arba'in. Kurkuku ya nuna muku abin da aka yi, a nan ne za ku ga yadda cinikin ke tafiya. Akwai ma'aunan zinariya na tagulla, da irin hajar da jirage ke kawowa, da mari da sarƙoƙi, da ƙarfen da ake yi wa mutum lamba da shi, da taswirar hanyoyin teku, da kwaikwayon cikin jirgin bayi da katako, wanda za ka shiga ka ji ƙuncinsa.

Ga abin da tafinta ya kamata ya riƙe. Jirgi kan taso daga Turai da bindigogi da albarushi da giya da tufafi da ƙarfe, ya sauke a nan ya ɗauki mutane, ya haye teku cikin kamar wata biyu, ya sayar da su, ya koma gida da sukari da taba da auduga. Masana sun ƙiyasta mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka baki ɗaya, kusan miliyan biyu ba su kai gaci ba, kuma fiye da miliyan ɗaya daga wannan gaɓa tamu aka kwashe su. Ingila ta haramta cinikin a 1807.

Sannan ku fita kan katanga inda igwogi ke jere, ku dubi ruwan. Babu tashar jirgi a nan, kuma ba a taɓa yi ba. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, bayan inda igiyar ruwa ke karyewa. Duk abin da ya shiga ko ya fita, mutum ne ko ganga, a kwalekwalen Fanti ya bi. Ba don gwanintar matuƙan nan ba, da Bature bai iya sauke ko buhu ɗaya ba, shi ya sa in suka yi yaji ciniki kan tsaya. Haka aka ci gaba da yi har aka buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema kuma a 1962. In kun ɗaga kai ta cikin gari za ku hango farar hasumiya a kan tudu, Fort William, wadda aka mayar fitilar jirage.

Tambayar da ba ta taɓa fashi a ayarinmu ita ce: mu fa, ina muke cikin wannan labari? Kada tafinta ya kauce mata. Bayan Asante sun rinjayi Gonja da Dagomba a ƙarni na 18, sun riƙa karɓar bayi a matsayin gandu, wasu daga cikinsu nan aka gangaro da su. Fataken Hausa da ke zuwa Salaga sayen goro, ba goro kaɗai ake ciniki a kasuwar ba, kuma mun san haka. A ɗaya gefen, Hausawa da yawa su ma an sayar da su, galibi ta Ikko da Wida, zuwa Bahiya a Birazil, inda bayi Musulmi suka yi tawaye cikin azumin 1835. Bayan wannan ne wasu 'yantattu suka dawo, waɗanda suka sauka Accra a 1836 su ne Tabom na Jamestown. Hannunmu na ciki, wuyanmu ma na ciki. Abu ɗaya da za a kiyaye: hare-haren Babatu da mayaƙansa Zabarmawa a arewacin Ghana can wajen 1880 zuwa 1890 da 'yan kai ne, bayan an daɗe da rufe cinikin teku a nan, saboda haka kada a cakuɗa su.

Salla da abinci

Sha ɗaya da rabi ku fito. Ku nufi wajen kasuwar Kotokuraba, nan zangon garin yake, akwai masallaci da abincin da hankalinku zai kwanta da shi. In kuna da wani sananne a can, ku sanar da shi tun jiya, ku kai wa limami ko sarkin zango gaisuwa da ɗan goro, amma a tsaye, don in aka shimfiɗa tabarma an gama da Elmina. Wanda bai taɓa cin dokunun Fanti ba, mai ganyen ayaba, ya gwada shi da soyayyen kifi da barkono. Ɗaya da kwata kowa na cikin mota, a ƙirga kai.

Elmina

Hanyar minti ashirin ce zuwa talatin, teku na hagunku, itatuwan kwakwa a jere. Gidan bayi na Elmina ya girmi na Cape Coast da shekara 171. 'Yan Fotugal suka iso nan a 1471, suka gina shi a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, kuma shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da Sahara. Zinariya ta kawo su, ita ce ma asalin sunan, wato mahaƙa. Zinariyar da a da Wangarawa ke bi da ita arewa ta ratsa hamada, sai ga wata ƙofa ta buɗe mata a kudu. Abin mamaki, a farkon lamari 'yan Fotugal kawo bayi suke yi nan daga wajen Binin suna musanya su da zinariya. Daga baya harkar ta juye. Holan suka ƙwace gidan a 1637, suka riƙe shi har 1872 da suka miƙa wa Ingila.

Mutane za su ce ai duk ɗaya ne da wanda muka gani da safe. Ba ɗaya ba ne. A nan farfajiyar mata ce ke tsaya wa mutum a rai: baranda a sama inda gwamna ke tsayawa ya zaɓa, matakalar katako da ke hawa zuwa ɗakinsa, da dunƙulen harsashin igwa da ake ɗaure wadda ta ƙi a jikinsa cikin rana. In akwai ƙananan yara, tafinta ya san yadda zai tauna maganar. Za ku ga cocin 'yan Fotugal a tsakar gida, wadda Holan suka mayar wurin ciniki, yanzu kuma ɗan ƙaramin gidan tarihin garin ne. Za ku ga ɗakuna biyu na horo gefe da gefe, na sojan Bature mai iska, da na bawa mai hoton ƙoƙon kai a saman ƙofa. Ƙofar fita ta nan siririya ce ƙwarai, mutum ɗaya-ɗaya take ɗauka.

Mutanen Kumasi su nemi a nuna musu ɗakin Prempeh na Ɗaya. A nan Ingilishi suka tsare Sarkin Asante bayan sun kama shi a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibirin Seshal a 1900. Sai 1924 ya dawo gida.

Da kun fito, masu ƙarfin gwiwa su haye gada su hau tudun St. Jago, tafiyar minti goma ce amma da hawa. Daga kan tudun nan Holan suka yi wa 'yan Fotugal ruwan igwa, da suka ci nasara kuma suka gina sansani a kai don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Nan ne wurin hoto. Gidan gaba ɗaya na ƙasanku, ga teku, ga bakin tafkin Benya cike da jirage masu tutoci kala-kala. Tsofaffi su zauna a inuwa a ƙasa, a bar musu mutum ɗaya da ruwa.

In da sauran rabin awa, ku zaga bakin Benya. Wannan ma gidan tarihin teku ne, sai dai mai rai. Za ku ga masassaƙa na ɗora katako a kan gindin jirgi da aka fafe daga gungumen itacen wawa guda ɗaya, ga injuna, ga mata na banda. Ku karanta rubuce-rubucen jikin jiragen. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum, masu kifi ba sa son a ɗauke su kamar kaya. A cikin gari akwai gine-gine masu gumaka na Asafo, ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya na Fanti, ɗaya har da jirgin ruwa a samansa. Akwai kuma unguwar da ake kira Tudun Java: tsakanin 1831 da 1872 Holan sun ɗebi 'yan Afirka wajen 3,000 aikin soja a Indonesiya, da yawansu 'yan arewa ne da aka fanso daga bauta a Kumasi, waɗanda suka dawo kuma nan suka zauna.

Yara za su roƙi a bar su su shiga ruwa. Kada ku yarda. Tekun nan na da ja ta ƙasa, kuma yaron Nima da ya koyi iyo a kwata ba ɗan masunci ba ne. Ruwa ba sa'an kwando ba. Su jiƙa ƙafa a gaban babba, shi ke nan.

Komawa

A yi La'asar, a kira suna ɗaya bayan ɗaya daga takarda, huɗu ta yi muku a kan hanya. Rana na faɗuwa wajen shida, kuma gara duhu ya same ku kun wuce Winneba, don hanyar ba ta da daɗi da dare, ga manyan motoci ga masu wuce juna ba lissafi. Wanda ke gaba kusa da direba kada ya yi barci, ya riƙa jan sa da hira. Masu sayen kifi su zo da roba mai murfi, in ba haka ba motar za ta yi mako tana ba da labari. Abarba da dokunu kuwa a bakin titi za ku same su, tsayawa ɗaya ta isa.

Kafin a shiga cunkoson Kasoa ma'aji ya tashi ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, kowa na ji, a mayar da canji ko a amince a bar shi na tafiyar Kakum. Direba kuma sai ya sauke mutum na ƙarshe a Nima a cika masa kuɗinsa.